Wayar Lantarki a Gadon Baya: Abin Dubawa Kafin a Sayar da Gona

Kwanan baya muna cikin rangadin makarantu, sai wani dattijon hedimasta ya tare mu bayan an tashi yara, ya miƙo mana wata takarda mai ƙyalli, cike da hotuna, rubutacciya da Turanci. Shekara uku ke nan da aka yi masa aiki a ƙashin baya, amma zogin da ke saukowa daga kwankwasonsa zuwa tafin ƙafar hagu bai rabu da shi ba. A zaune ya ke salla, a zaune ya ke koyarwa. Takardar daga wani asibiti ta fito na ƙasar waje, tana cewa in ya zo za a dasa masa wata siririyar waya a gadon baya, a haɗa ta da batir, ciwon ya kwanta. 'Yan'uwansa har sun fara maganar sayar da gonar gado. Ya dube mu ya ce, "Ranka ya daɗe, ku ne masu karance-karance. Me kuka gani?"

Muka roƙe shi ya ba mu lokaci. Abin da muka binciko shi ne za mu shimfiɗa a nan, domin mun san irin wannan takarda ba a kai ta wurin kowa a gari sai wurin akawu ko malamin makaranta, kuma abin da mai karatu ya ce, sau da yawa shi dangi ke bi. Wannan amana ce babba. Ga shi kuwa maganar ta zama abin gardama tsakanin manyan likitocin duniya tun daga shekarar 2022, har hukumomin waɗansu ƙasashe sun sa baki.

ASALIN DABARAR

Neman maganin ciwo da lantarki tsohon abu ne. Wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus, wanda ya yi zamani da Sarki Claudius a ƙarni na farko na Miladiyya, ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai jan mutum, har wurin ya yi dindiris. Masuntanmu na Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi ba za su yi mamaki ba, gama sun san minjirya, sun kuma san abin da ta ke yi wa hannun wanda ya taɓa ta.

Amma ilmin abin bai bayyana ba sai a 1965, sa'ad da masana biyu, Ronald Melzack mutumin Kanada da Patrick Wall mutumin Ingila, suka fito da bayanin da a ke kira ka'idar ƙofa. Suka ce labarin ciwo ba ya zarcewa kai tsaye daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya bi ta laka, watau wannan farar igiya da ke kwance cikin ƙashin baya. A cikin laka akwai wani wuri mai kama da ƙofar gari. Ƙananan jijiyoyi ke kawo labarin zafi, manya kuwa su ke kawo labarin taɓi da shafa. In manyan suka yi cincirindo a bakin ƙofa, sai ta tsuke, labarin zafi ya ragu. Shi ya sa yaro in ya yi tuntuɓe ya kan murza wurin, ya kuwa ji sauƙi.

Shekara biyu bayan haka, a 1967, wani likitan tiyata na Amurka, Norman Shealy, ya ce in haka ne bari a motsa manyan jijiyoyin nan da lantarki daga cikin laka. Ya gwada a jikin wani mutum da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, zogin ya lafa, ko da ya ke mutumin bai daɗe ba ya rasu. Daga nan kamfanoni suka shiga ƙera na'urar, har ta zama babbar sana'a a Amurka da Turai da Ostireliya.

YADDA A KE DASA WAYAR

Na'urar kashi uku ce. Akwai wayar kanta, siririya mai laushi, a bakinta an jera 'yan ƙarafa, galibi guda 8, ta inda lantarki ke fita. Akwai batir, wanda bai wuce girman akwatin ashana ba. Sa'an nan akwai ɗan abin riƙewa a hannu da majinyaci ke ƙara ƙarfin lantarkin da shi ko ya rage.

Mataki biyu a ke yin aikin. Na farko gwaji ne. Majinyaci ya kwanta rub da ciki, a yi masa allurar kashe zafi, likita ya soka wata babbar allura tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya, ya zura wayar ta cikinta yana duban tafiyarta a injin hoton ƙashi. Wayar ba ta shiga cikin laka. A wani ɗan sarari ta ke kwanciya, tsakanin ƙashi da rigar da ta lulluɓe laka. Ga mai ciwon baya da ƙafa, a kan tsai da bakinta wajen gaɓa ta 8 zuwa ta 10 cikin gaɓoɓi 12 masu ɗauke da haƙarƙari. Sai a bar wutsiyarta a waje, a haɗa da batir na wucin gadi, mutum ya tafi da shi kamar mako guda. In zafin ya ragu da rabi ko fiye, an ce gwaji ya ci.

Mataki na biyu shi ne dashen dindindin. Ko dai a sake zura irin wannan waya a ɗaure ta a nama, ko kuwa likitan tiyata ya ɗan sassaƙe ƙashi ya shimfiɗa wata mai faɗi wadda ba ta cika gocewa ba. Batir kuma a yanka masa aljihu a ƙarƙashin fata, a saman mazaunai ko a gefen ciki. Wani batir ba a cajinsa, in ya ƙare bayan 'yan shekaru sai an sake yanka an canja shi. Wani kuwa ana cajinsa ta bayan fata a kai a kai, ya kan kai wajen shekara goma.

Na'urorin farko suna bugu kamar sau 40 zuwa 60 a sakan guda, mutum ya riƙa jin abu kamar tafiyar kiyashi a inda ciwon ya ke. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata ta kamfanin Nevro mai bugu sau 10,000 a sakan, wadda ba a jin motsinta ko kaɗan. Wata kuma ta biyo baya mai sakin lantarki curi-curi, ita ma ba a jin ta. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

SHAIDAR MASU YABO

Kada wani ya ɗauka surkulle ne. Masu yabon na'urar suna da hujja. A wani bincike da aka buga a 2007, an ɗauki mutum 100 irin hedimastanmu, waɗanda aka yi wa aikin baya amma zogin ƙafa bai tafi ba. Aka raba su biyu. Bayan wata 6, kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka dasa wa wayar zafinsu ya ragu da rabi, alhali kuwa cikin waɗanda aka bari da magani kaɗai kashi 9 ne suka sami haka. A 2021 kuma aka buga wani na mutum 216 masu ciwon sukari da ƙunan tafin ƙafa ya dame su. Bayan wata 3, kashi 79 cikin ɗari na masu na'urar sun sami sauƙi mai yawa, sauran kuwa kashi 5. A shekarar nan hukumar Amurka ta yarda a riƙa dasa ta saboda wannan cuta.

A Ingila ma, tun 2008 hukumar da ke auna amfanin magunguna ta yarda asibitocin gwamnati su yi aikin, amma bisa sharuɗɗa. Sai ciwon ya zama na jijiyar da ta lalace, sai ya kai wata 6 bai ji magani ba, sai ƙungiyar ma'aikatan lafiya iri-iri ta duba mutum, sa'an nan sai gwaji ya ci.

To, mu da aikinmu ya shafi jarrabawa, tambaya biyu mu ke yi wa ko wane sakamako: wa ya tsara jarrabawar, wa kuma ya duba takardun? Binciken 2007 kamfanin Medtronic ya biya kuɗinsa, na 2021 kuwa Nevro, kuma dukansu masu sayar da na'urar ne. Wannan bai mai da sakamakon ƙarya ba, amma malamin da ya duba takardun ɗansa, ko ya yi adalci, sai an nemi wani ya sake dubawa. Abu na biyu ya fi nauyi. A cikin binciken nan duka biyu, kowa ya san rukunin da ya faɗa. Wanda aka yi wa aiki mai tsada ya koma gida da kyakkyawan zato, wanda aka ce ya ci gaba da ƙwayoyin da suka riga suka gaza ya koma da sanyin gwiwa. Ciwo kuwa ba shi da ma'auni kamar zazzaɓi, sai abin da mai shi ya faɗa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa zato kaɗai ya kan rage zafi na ɗan lokaci.

Akwai kuma maganar daɗewa. A Holan an yi bincike kan wata cuta mai sa hannu ko ƙafa ƙuna bayan ɗan rauni. Rahoton farko na shekarar 2000 ya nuna na'urar ta taimaka. Da aka bi sawun mutanen har shekara 5, sai aka tarar bambancin da ke tsakanin rukunan biyu ya shuɗe.

JARRABAWAR NORWE

Dā can ba shi yiwuwa a ɓoye wa majinyaci ko na'urarsa na aiki, tun da yana jin kiyashin. Amma da kamfanoni suka ƙero wadda ba a ji, sai suka buɗe hanyar jarrabawar da ba a taɓa iya yi sosai ba. Likitoci a birnin Trondheim na ƙasar Norwe suka ɗauki mutum 50 masu zogin ƙafa bayan aikin baya, waɗanda duk suka ci gwajin farko, aka dasa musu na'urar. Aka raba shekara kashi huɗu, wata uku-uku. A kashi biyu na'urar na sakin lantarki curi-curi, a kashi biyu kuwa a kashe ta ke, kuma majinyaci bai san wanne ne wanne ba, masu tambayarsa ma ba su sani ba. Kamar dai sufeto ne ya shiga aji ba da sanarwa ba.

Sakamakon ya fito a Oktoba 2022. A ma'aunin naƙasar da ciwon baya ke jawowa, mai maki 100, mutane sun sami sauƙin maki 10.6 sa'ad da na'urar ke kunne, da maki 9.3 sa'ad da ta ke kashe. Watau sun ji sauƙi, amma kusan sauƙi ɗaya ne ko da lantarki ko babu.

A Maris 2023 kuma ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitoci ne, ta buga nazarin da waɗansu masana na birnin Sidni suka yi. Sun tattara bincike 13 na mutum 699 masu ciwon baya, suka yanke cewa shaidar da ke hannu ba ta nuna amfani mai ɗorewa da zai rinjayi tsada da haɗarin aikin ba.

Likitocin da ke dasa na'urar ba su yi shiru ba. Suka ce a Norwe iri ɗaya kaɗai aka gwada, kuma ba a daidaita ƙarfin lantarkin ga ko wane mutum yadda a ke yi a asibiti ba, mutum 50 kuma ba su da yawa. Suka ce kullum suna ganin waɗanda suka tashi daga kwance suka koma aiki. Maganarsu abin saurare ce. Amma a ganinmu, wanda ya ce an zalunci ɗalibinsa a jarrabawa, hanyarsa ita ce ya kawo shi a sake wata a gaban masu tsaro, kuma nauyin kawo wannan hujja yana wuyan mai sayarwa.

LAHANI DA TSADA

Aibin da ya fi aukuwa shi ne wayar ta goce daga inda aka aje ta, lantarki ya koma bugun wani wuri, sai an sake aiki. Ta kan kuma karye. Aljihun batir ya kan yi ciwo ko ya ruɓe, in kuwa ƙwayoyin cuta suka shiga, galibi sai an tone kayan duka. Jifa-jifa jini ko mugunya ya kan taru ya danne laka, wanda in ba a yi aikin gaggawa ba sai ƙafafu su shanye.

A Satumba 2020 hukumar Amurka ta rubuta wa likitoci cewa cikin shekara 4 ta karɓi rahoton matsala fiye da 100,000 game da na'urorin nan, ta kuma gargaɗe su kada su yi dashen dindindin ba tare da gwaji ba. A Ostireliya wani nazari na 2022 ya duba rahoto 520 da aka kai wa hukuma tsakanin 2012 da 2019, ya tarar kashi 79 cikin ɗari masu tsanani ne, kuma a cikin shekarun nan, duk na'ura 10 da aka dasa ana cire kimanin 4. A 2024 hukumar magunguna ta ƙasar ta soke rajistar waɗansu na'urorin, ta ɗora sharuɗɗa a kan waɗansu. Gaskiya ne rahoto shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa na'ura ce ta yi ɓarnar, amma yawansa ya isa a tsaya a duba.

Wajen kuɗi kuwa, wani nazari na takardun inshorar Amurka da ya fito a ƙarshen 2022 ya nuna wanda aka dasa wa na'urar ya ci kimanin dala 39,000 a shekarar farko fiye da takwaransa da ba a dasa wa ba. Fiye da ɗaya cikin biyar an cire musu ita ko an sake musu aiki cikin shekara biyu, kuma shan ƙwayoyin kashe zafi masu sa maye bai ragu ba. Mai karatu ya juya kuɗin nan zuwa naira, ya gwada da albashinsa na shekara.

INDA ABIN YA SHAFE MU

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ke fama da ciwon baya a 2020, kuma babu cutar da ta fi shi naƙasa mutane. Manominmu da mai dako da akawun da ke wuni a kujera duk suna cikin lissafin. Wanda ciwo ya hana barci shekara da shekaru, ba ma ganin laifinsa in ya kama duk abin da aka miƙo masa, gama wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Mun ga inda wannan ya kai mu da ƙwayoyi. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan irin su tiramadol ba bisa umurnin likita ba.

Amma abin da takarda mai ƙyalli ba ta faɗa shi ne, wannan aiki ba irin na ƙari ba ne da za a yanke a jefar a manta. Dangantaka ce ta har abada tsakanin majinyaci da likitansa. Sai an yi ta daidaita na'urar, sai an yi caji, sai an canja batir. Mutumin Trondheim in wayarsa ta goce, mota zai shiga ya je asibiti. Hedimastanmu fa? Sai fasfo da biza da kuɗin jirgi, ga shi gonar an riga an sayar. In kuwa aljihun batir ya kumbura da tsakar dare, ko ƙafa ta fara sagewa, sa'o'i kaɗan a ke da su, jirgin sama kuwa ba ya jiran kowa. Ko cajin batir ma sai an yi tunani a garin da wuta kan yi kwanaki ba ta zo ba.

Har ila yau, ba ko wane ciwon baya ne na jijiya ba. A ƙasarmu tibi ya kan ci ƙashin baya, ciwon sikila ya kan taɓa shi, haka ciwon daji. Waɗannan ko wanne da maganinsa dabam, lantarki kuwa sai dai ya rufe ƙararsu su ci gaba da ɓarna. Duk mai ciwon baya da ya ga zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko raunin ƙafa, ko fitsari ya fara kuɓuce masa, asibiti zai nufa nan da nan. Ga sauran ciwon baya na yau da kullum, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a Disamba 2023 ita ce motsa jiki bisa tsari, da gashin ƙashi a hannun gwanaye, da koya wa mutum halin ciwonsa da dabarun zama da shi. Ta kuma ce a guji ƙwayoyi masu sa maye. Waɗannan ba su da ƙyalli, amma ba a sayar da gona dominsu, kuma nan ne ya kamata hukumominmu su zuba kuɗi, su horar da ma'aikatan gashin ƙashi har su kai asibitocin karkara.

ABIN DA MUKA FAƊA WA HEDIMASTA

Da muka koma, ba mu ce masa kada ya je ba, gama mu ba likitoci ba ne, kuma irin ciwonsa yana cikin waɗanda aka ƙera na'urar dominsu. Mun ce ya fara kai hotunansa wurin likitan ƙashi ko na jijiya a asibitin koyarwa na nan gida, wanda ba shi da riba cikin tafiyar. Sa'an nan ya rubuta wa asibitin can tambayoyi, ya nemi amsa a rubuce. Za a yi gwajin mako guda tukuna, kuma in bai ci ba nawa ne kuɗinsa? Cikin waɗanda suka dasa wa, mutum nawa ne har yanzu ke amfani da ita bayan shekara biyu, nawa aka cire wa? In wayar ta goce ko wurin ya ruɓe, wane likita ne a Nijeriya zai karɓe shi, wa zai biya? Batir ɗin shekara nawa zai yi, nawa ne canjinsa? Mun kuma tuna masa cewa ko a wurin masu yabonta, rage rabin zafi shi ne cin nasara, don haka wanda ya yi masa alkawarin warkewa sarai ya faɗi abin da masu ƙera ta ma ba su faɗa ba.

Asibitin da ya amsa waɗannan dalla-dalla ya cancanci a saurare shi. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye kuwa, cinikin biri a sama ya ke so a yi da shi. Hedimasta ya ninke takardarsa ya sa aljihu, ya ce zai tara 'yan'uwa ranar Juma'a, maganar gona a dakata tukuna.

'Yan'uwa akawuna da malamai, gobe wani zai kawo muku irin wannan takarda. Ku karanta masa abin da aka rubuta, sa'an nan ku taya shi tambayar abin da ba a rubuta ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyashe mu da ciwon da ba ya jin magani, amin.